Kura ko Ƙura? Darasin da Fashewar Sauti Ta Koya Mini

Duk ɗalibin da ya zauna a ajin adabin baka ya sha jin malamai suna nanata cewa waƙar baka a bakin mai ita take zaune, kuma wanda yake son ya nazarce ta dole ne ya tashi ya je inda ake yin ta ya ɗauko. Wannan gaskiya ne. Sai dai akwai wani zango da ba a cika yin maganarsa ba, wato abin da yake samun murya tsakanin ranar da aka ɗauko ta da ranar da aka miƙa ta ga mai saurare. A wannan zango ne na yi tuntuɓe, har na kusa ɓata amanar da ba ni da halin sake karɓo irinta. Shi ya sa na ga ya kyautu in ba da labarin a wannan mujalla tamu, ko 'yan'uwana ɗalibai masu shirin fita ɗauko waƙoƙi sa tsallake ramin da na faɗa.

Yayan mahaifina makaɗin noma ne, mu duka Baba muke ce masa. A zamanin ƙarfinsa ba a yin gayya a ƙauyenmu da kewaye sai da gangarsa. Amma tun da huɗar shanu da maganin feshi suka yawaita, gayya ta ja baya, ganga kuma ta koma rataye a zaure. Da aka ce kowa ya zaɓi abin da zai rubuta kundinsa na kammala digiri a kai, ban yi dogon tunani ba. A watan Disamba na 2023, bayan an gama kaka, na tafi gida da na'urar ɗaukar sauti ta aro da makirufo biyu. Da na faɗa masa abin da ke tafe da ni, sai ya dube ni ya ce, "Kai ɗan boko, wa zai saurari kiɗan noma yanzu, alhali masu taka shi sun ƙare?" Na ce, "Baba, ko don jikoki." Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya aika aka kira masa mutum biyu da suka rage cikin 'yan amshinsa. Ɗayansu ne ya rataya gangar, domin hannun Baba ya riga ya yi rauni.

Na kafa makirufo ɗaya a gaban bakin Baba, ɗaya kuma tsakanin ganga da 'yan amshi, kowanne da layinsa daban a cikin na'ura. Mai na'urar ya riga ya gargaɗe ni kada in bari ma'auni ya taɓa ja, saboda haka na sauke ƙarfin ɗauka ƙasa sosai, ba don na san dalili ba, sai don tsoron kada in ɓata masa kaya. Muka ɗauki waƙa shida, kimanin minti 50. A cikin watan azumi na 2024 Allah Ya yi wa Baba rasuwa. Abin da na ɗauko ran nan shi ne kaɗai muryarsa da ta rage a duniya.

Bayan an share makoki na zauna aikin haɗa layukan nan biyu su zama abu guda da za a iya saurare a waya. Manhajojin da ake irin wannan aiki da su suna da yawa. Akwai FL Studio da Cubase waɗanda masu ɗakunan haɗa waƙa suka saba da su, akwai kuma Audacity wadda kyauta ce, tun shekarar 2000 take hannun jama'a. Da ɗaya daga cikin ire-irensu na yi aiki, kuma tun yanzu in faɗa, laifin duk da zai biyo baya nawa ne. Da na buɗe layukan sai na ga zanen sautin siriri ne, kamar zaren da aka miƙe. Na saurara, na ji muryar Baba can ƙasa. Sai na ɗaga layin murya. Da na ɗaga shi sai ganga ta yi sanyi, na ɗaga nata. Da na ɗaga nata sai ta danne murya, na ƙara ɗaga murya. Haka na yi ta yi, kamar masu tayi a kasuwar shanu, har zanen ya cika fuskar kwamfuta. Da yake da dare nake aikin a ɗakin kwanan ɗalibai, sai na sauke maɓallin ƙarar saurare don kada in dami abokan kwana. A kunnena komai lafiya lau. Na fitar da waƙoƙin a matsayin MP3, na aika gida, na kai wa malamin da ke duba kundina kwafe ɗaya.

Kwana biyu bayan haka ɗan Baba ya kira ni, ya miƙa wa mahaifiyarsa waya. Bayan mun gaisa sai Inna ta ce, "Ɗan nan, wace irin murya ce ka aiko mana? Malam bai taɓa waƙa da maƙogwaro a shaƙe haka ba." Na rasa abin da zan ce mata. Da na kunna abin da na aika a wayata sai jikina ya yi sanyi. Duk inda gula ta sauka a kan ganga sai muryar ta tsage, kamar ana yaga sabon yadi a bayanta. Irin wannan ne masu sana'ar suke cewa sauti ya fashe.

Wajen malamina kuma wata matsalar ce ta taso. A waƙa ta uku akwai ɗan waƙa inda Baba yake faɗin abin da ake hangowa a gonar wani manomi. Ni na rubuta ƙura, har na cika rabin shafi ina bayanin yabo, wai manomin saboda zafin namansa ƙura yake tayarwa. Malam ya mayar da wurin sau huɗu, sannan ya ce, "Ka tabbata ƙura ya ce? Idan kura ce fa? Ka ga ke nan gonar ta zama daji, yabonka ya koma zambo." Mai karatu zai ce ai karin sauti ya isa ya raba kalmomin biyu. Haka ne a magana. Amma a nan karin waƙa ya riga ya tanƙwara na magana, tsawon wasulan kuwa ɗaya ne, saboda haka babu abin da ya rage sai baƙin farko. Bambancin k da ƙ kuwa ɗan tunkuɗo iska ne daga maƙogwaro, wanda bai kai ƙiftawar ido ba, kuma daidai kansa bugun ganga ya faɗo. Fashewar ta haɗiye shi. A ranar na gane cewa wannan matsala ta wuce ta daɗin saurare, ta shafi ma'ana, ta shafi nazarin kansa.

Na koma na yi gyara iya sanina, kuma sau biyu ina ƙara ɓatawa. Da farko na sauke komai ƙasa gaba ɗaya. Fashewa ta tafi, amma sai waƙar ta koma kamar raɗa, sai an manna waya a kunne. Na nemi umurnin da ke daidaita ƙarfin sauti na danna, abin ya ɗan motsa kaɗan ya tsaya. Karo na biyu na ji ana maganar wani abu wai shi limita, wanda ke hana sauti wuce iyaka. Na ɗora shi, na tura sauti cikinsa da ƙarfi. Wannan karon waƙa ta yi ƙara, ba ta kuma tsage kamar da ba, amma ta zama wata aba dabam. Duk bugun ganga sai muryar Baba ta nutse ta sake tasowa. Duk inda aka yi shiru sai kukan kaji da hucin iska su taso su cika wurin. Inda Baba ya sassauta murya da inda ya ɗaga ta yana kirari duk suka zama tsawo ɗaya, kamar an bi gona da lauje an daidaita kan dawa da na gero. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Akwai kuma wata wauta da Allah Ya tsare ni daga aikatawa. Layukan asali guda biyu sun ci wuri kusan megabait 900 a kwamfutata, alhali MP3 ɗin da na fitar bai fi 50 ba. Wuri ya yi mini ƙaranci, har na yi niyyar goge manyan, a ganina ai na riga na fitar da abin da ake bukata. Mantuwa ce kawai ta hana ni.

Daga ƙarshe wani abokina ya kai ni wurin wani matashi mai ɗakin haɗa waƙoƙin finafinai a Kano. Ya saurari abin da na kawo bai kai minti ɗaya ba ya tsayar. Tambayarsa ta farko ita ce, "Malam ɗalibi, ina na asali?" Na ce suna nan. Ya ce, "To, ka gode wa Allah. Da wannan kaɗai ka kawo mini da sai dai in ba ka haƙuri." Ya buɗe layukan asali, ya duba, ya ga a yawancin wurare ƙololuwarsu ba ta wuce desibel 12 ƙasa da iyaka ba. Wato abin da na ɗauka rauni ne, shi ne lafiyarsu. A wajen fitarwa ne na yi ɓarna. Na ce, "Oga, don Allah kada ka gyara mini kawai, ka nuna mini." Muka yi yini guda tare, kuma abin da na fahimta daga gare shi, da abin da na ƙara karantawa daga baya, shi ne zan taƙaita a nan.

Sauti kaɗawar iska ce. Makirufo yana mayar da kaɗawar nan ta zama lantarki, na'ura kuma ta riƙa auna lantarkin tana rubuta shi da lambobi. Tawa tana aunawa sau 48,000 a kowace daƙiƙa, faifan CD kuwa, wanda ya shigo kasuwa a 1982, sau 44,100. Kowane awo yana da iyakar lambar da zai iya ɗauka. Idan fayil na bit 16 ne, matakai 65,536 gare shi, idan na bit 24 ne sun haura miliyan 16. Amma ko nawa ne yawansu, akwai mataki na ƙarshe wanda babu wani a samansa. Shi ake kira sifiri a ma'aunin desibel na na'ura, duk abin da ke ƙasa da shi kuma da ragi ake ƙirga shi. Mai ɗakin ya kwatanta mini da tiya. Ya ce tiya tana da baki, idan ka tula hatsi ya yi tozo aka shafe da hannu, duk abin da ya haura baki ƙasa zai zube. Haka sautin da ya wuce sifiri, aske masa kai ake yi. Igiyar sauti da ya kamata ta hau ta lanƙwasa ta sauko sai ta zama mai faffaɗan kai da kusurwa, kusurwar nan kuwa ita kunne yake ji a matsayin tsagewa.

Malamanmu da suka yi aikinsu da rikoda mai kaset ba su sha irin wannan wahala sosai ba, ko da yake sun sha wasu. Zaren kaset idan aka cika masa ƙarfi a hankali yake ƙoshi, sautin ya ɗan dushe ya yi kauri kafin ya lalace. Lamba kuwa ba ta da wannan sassauci. Ƙasa da sifiri lafiya lau, sama da shi yanka ne.

To, me ya sa ban ji fashewar ba tun ina aiki? Dalili biyu ne. Na farko, a cikin cikinta manhaja da wani irin lissafi na bit 32 take aiki, wanda rufinsa yake can nesa ƙwarai, saboda haka sauti yana iya haura sifiri a ciki ba tare da an aske shi ba. Na biyu, maɓallin da na sauke don kada in tashi masu barci ƙarar da ke zuwa kunnena kaɗai ya rage, bai taɓa abin da ake fitarwa ba. Ni ina jin sautin da aka sauko da shi ƙasa da iyaka, fayil kuwa yana karɓar wanda ya haura. Ma'aunin babban layi, inda duk layuka ke haɗuwa, ya daɗe yana nuna ja, amma ban san shi ne abin kallo ba. Ban kuma san cewa layuka taruwa suke yi ba. Layi biyu da kowannensu bai kai iyaka ba suna iya haurawa idan aka haɗa su, har ma idan sauti iri ɗaya ne sak, haɗuwarsu tana ƙara desibel 6, wato ninki biyu na tsawon igiyar. Shi ya sa fashewar take zuwa daidai inda murya da ganga suka yi karo. Ganga ce take tura jimillar ta haura, muryar da ke bisa kanta kuma ita ake askewa.

MP3 ma ya ƙara nasa. Shi wannan tsari yana rage girman fayil ne ta hanyar zubar da abin da aka ƙiyasta kunne ba zai lura da shi ba, sannan a sake gina sautin lokacin saurare. Abin da aka sake ginawa ba ya zama daidai da na farko, ƙololuwarsa takan ɗan haura. Don haka fayil ɗin da aka cika har baki kafin a mayar da shi MP3, yana iya fashewa bayan an mayar, ko da a da bai fashe ba.

Sai batun gyarana na farko, wanda ya bar waƙa kamar raɗa. A nan na koyi cewa ƙololuwar sauti daban, ƙarfin da kunne ke ji daban. Umurnin daidaitawa da na danna, wuri mafi tsawo yake nema a cikin waƙa duka, ya ɗaga komai har wannan wuri ya kusa iyaka, sai ya tsaya. A waƙoƙin Baba kuwa wuri mafi tsawo wasu 'yan bugun ganga ne da makaɗi ya saki hannu. Su suka riga kowa isa rufi, suka bar murya a ƙasa. Kunne kuwa ba da irin wannan tsini na ɗan lokaci yake auna ƙarfi ba, da matsakaicin abin da ya daɗe yana ji yake aunawa. Saboda haka aka ƙirƙiro wani ma'auni da ke bin yadda kunne ke ji, wanda ake kira LUFS. Tushensa ƙa'idar da Hukumar Sadarwa ta Duniya ta fitar a 2006, kuma a 2010 Ƙungiyar Gidajen Rediyo da Talabijin ta Turai ta tsayar da 23 ƙasa da sifiri a matsayin mizanin shirye-shiryenta. Spotify kuwa a wajen 14 ƙasa da sifiri yake daidaita waƙoƙi, yana kuma ba da shawarar a bar ratar desibel 1 tsakanin ƙololuwa da iyaka.

Abin da ya jawo waɗannan ƙa'idoji ya yi kama da abin da ya same ni. Ɗabi'ar kunne ce idan aka jera masa sauti biyu ya ɗauka wanda ya fi ƙara shi ya fi kyau. Saboda haka daga shekarun 1990 zuwa na 2000 kamfanonin waƙa na ƙasashen Turai da Amurka suka shiga tseren ƙara, kowa yana matse waƙarsa don ta fi ta wani amo, har aka laƙaba wa abin yaƙin ƙara. Da masu watsa waƙa suka fara daidaita ƙarfin komai da kansu, sai wanda ya matse tasa ya tashi a tutar babu. An sauke masa ƙarar da ya yi wahala a kai, hawa da saukar da ya kashe kuma ba su dawo ba.

Ga yadda muka bi muka gyara. Da farko mai ɗakin ya cire duk abin da na ɗora, ya mayar da kowane layi inda yake tun asali. Sannan ya faɗa mini maganar da na rubuta a bangon littafina: "Idan murya ba ta fita, kada ka ɗaga ta, sauke abin da ya danne ta." Muka sauke layin ganga har kalmomi suka fito fili, muka bar jimillar layukan tana kaiwa wajen desibel 6 ƙasa da iyaka, don a sami sararin aiki. Idan muna son mu ji da ƙarfi, lasifika muke ƙara wa murya, ba ma taɓa layukan. Daga nan ya yanke gurnanin da ke can ƙasa a layin murya, wato duk abin da kaɗawarsa ba ta kai 80 a daƙiƙa ba, domin yawancinsa hucin iska ne da rugugin ganga, yana cin wuri ba ya ƙara wa magana komai. Sai muka bi waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya muna neman bugun da ya yi tsini, muna sauke kowanne da hannu. Wannan ne ya fi cin lokaci, shi ne kuma ya fi amfani, don da aka rage tsinin sai aka sami damar ɗaga waƙa duka ba tare da an matse ta ba. Ya ɗan matsa layin murya kaɗan, abin da bai wuce desibel 2 zuwa 3 ba. A ƙarshe muka ɗaga jimilla zuwa wajen LUFS 16 ƙasa da sifiri, muka kafa limita a desibel 1 ƙasa da iyaka. A wannan karo aikinsa gadi ne kawai, sai jefi-jefi yake taɓa wani abu.

Wajen fitarwa ma akwai tsari. Mun fara fitar da fayil na WAV mai bit 24, wanda ba a zubar da komai a cikinsa ba, muka sake buɗe shi muka duba ma'auni muka saurara, domin abin da aka fitar shi ne abin dubawa. Daga gare shi muka ciro MP3 mai inganci don aikawa gida. Ya gargaɗe ni kada in taɓa ciro MP3 daga wani MP3, don kowane karo sai an sake zubar da wani abu. Sannan muka saurara a manyan lasifikoki, da abin sawa a kunne, da kuma ƙaramar waya irin wadda Inna za ta ji da ita. A wayar na ji ganga ta rasa kaurinta, na ce a ƙara mata. Ya ce a'a, lasifikar waya ba ta da girman da za ta fitar da wannan kauri ko an ƙara, sai dai ƙarin ya cinye sarari a koma gidan jiya.

Da muka zo waƙa ta uku na roƙe shi ya tsaya. Ya mayar da wurin, muka kasa kunne. Kura ce. Babu tunkuɗo iska ko kaɗan a baƙin farko. Bayan kalmar ma akwai 'yar dariya da ɗaya daga cikin 'yan amshi ya yi, wadda a da fashewa ta binne ta. Ashe Baba zambo yake yi wa rago, ni kuwa na rubuta masa rabin shafi na yabo. Na yage shafin, na sake rubutawa.

Amma ba duka aka samu ba, kuma bai kamata in ɓoye wannan ba. A waƙa ta biyar akwai wurin da kiɗa ya yi daɗi, makaɗi ya matso kusa da Baba, Baba kuma ya ɗaga murya ya yi kirari. A nan, na kimanin daƙiƙa biyu, sautin ya haura iyaka tun a wajen ɗauka. A layin asali ma kan igiyar a aske yake. Akwai dabarun da ke ƙoƙarin sake zana abin da aka aske ta hanyar kintace, mun kuwa gwada. Tsagewar ta ragu, amma kalma biyu ba su fito ba. Na koma ƙauye na kunna wa 'yan amshin nan biyu. Wannan ya ce kaza ne, wancan ya ce a'a kaza ne, domin kirari Baba shi kaɗai yake yin abinsa, kuma ba kullum yake maimaita iri ɗaya ba. A cikin kundina ɗigo-ɗigo na sa a wurin, na yi bayanin dalili. Ɓarnar da aka yi wajen fitarwa tana gyaruwa muddin na asali yana nan. Wadda aka yi wajen ɗauka kuwa, sai dai a koma ga mai waƙa, ni kuwa ba ni da wurin komawa.

Tun daga lokacin nake tunanin yadda muka ɗauki wannan fanni a sashenmu. Muna koyon rarrabe gindin waƙa da ɗiyanta, muna koyon salo da jigo, amma na'urar da duk wannan nazari ya dogara a kanta mun bar ta ga sa'a. Duk wanda ya taɓa zama da tsohon kaset na Narambaɗa yana mayar da baiti ɗaya sau goma don ya kama kalma, ya san tsadar sauti mai kyau. Mutanen wancan zamani suna da uzuri, iyakar abin da na'urarsu ta iya ke nan. Mu kuwa na'urar da ke hannunmu tana iya adana har numfashin mawaƙi, idan muka ɓata sai dai mu zargi kanmu. Hawa da saukar murya a waƙar baka ai ba ado ba ne kawai. Mawaƙi yana sassautawa inda yake habaici, yana ɗagawa inda yake kirari, 'yan amshi kuma suna da nasu matsayi a ƙarƙashin jagora. Wanda ya matse waɗannan duka suka zama ɗaya don neman ƙara, ya canza waƙar, ko da bai taɓa kalma ɗaya ba.

Don haka ina da roƙo biyu. Ga 'yan'uwana ɗalibai, ku ɗauki sauti ƙasa-ƙasa ku bar masa sarari, ku sa ido kan ma'aunin babban layi, ku saurari abin da kuka fitar kafin ku miƙa wa kowa, kuma kada ku goge na asali ko wuri ya ƙare, ku ajiye shi a wuri biyu. Ga malamaina kuma, da ma a riƙa karɓar fayilolin asali tare da kundi ana adanawa a sashe, a kuma keɓe ko da zama biyu ne a kwas ɗin dabarun bincike don koyar da wannan aiki.

Da na je gida hutun ƙarshen zango, na kai wa Inna sabon da muka fitar. Ta sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, jikoki suka kewaye ta, na ajiye waya a kan turmi na kunna. Ba ta ce komai ba har waƙa ta farko ta ƙare. Sannan ta gyara mayafinta ta ce, "Shi ne." Da aka zo ta uku, wurin kurar nan, sai ta yi murmushi, ta ce ta san wanda ake yi da shi, amma ba za ta faɗa ba tun da 'ya'yansa suna raye. Ta ce in mayar mata da ita daga farko.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya gafarta masa, Ya kyautata namu zuwan. Amin.